Goran Nu'uman

Duk wanda ya je Guri ya tambayi Malam Nu'uman, ba masallaci za a kai shi ba, ba kuma firamare ba. Bakin ruwa za a nuna masa. Can zai tarar da wani dogon mutum mai faɗin kafaɗa tsaye cikin ruwa iya ƙugu, da usur rataye a wuya. Usur ɗin nan nawa ne. Ni ne Abdulganiyyu, malamin wasanni a wata kwaleji da ke nan gefen Haɗeja, wanda 'yan teburin mai shayi suka laƙaba wa Malam Rabin Hanya. Ba na son sunan, kuma duk ɗalibin da ya kuskura ya faɗe shi a gabana zai gane kurensa. Amma tunda labarin Nu'uman ba ya faɗuwa sai an haɗa da nawa, gara ku ji shi daga bakina, ba daga bakin waɗancan masu ƙara gishiri ba.

Bari in fara nuna muku sashen da nake shugabanta. Ni ne shugaba, ni ne mataimaki, ni ne masinja. Ƙwallonmu biyu, ɗaya ta sha faci har mai facin bakin tasha yana gaishe ta idan ya gan ta. Muna da mashin jifa guda ɗaya, amma maigadi ya are shi don kaɗo mangwaro, kuma har yau ina jin nauyin tambayarsa. Jesinmu kuwa, tun zamanin da na fara aiki aka saye su, yanzu idan yaro ya sa, ana hango singiletinsa ta baya. Kowace shekara ɗalibai suna biyan kuɗin wasanni, wannan gaskiya ne. Idan kana son ganin inda kuɗin suke tafiya, je bayan ofishin shugaban kwaleji ka tsaya kusa da janareta, za ka ji suna ƙonewa.

Sai filinmu. Wanda ya zaɓa wa kwalejin filin ƙwallo, Allah ya yafe masa, ya duba duk faɗin makarantar ya ɗauki inda ya fi ko'ina kwari. Da rani shanu ne suke ratsa shi, su bar mana tsaraba a gaban raga. Da damina ta nutsa kuwa, kogi ya tumbatsa ya shigo fadama, sai filin ya koma tafki, ba ka ganin komai sai ƙarafan raga biyu a tsaye, balbela tana hutawa a kai.

Da wannan kayan aikin ake so in jawo 'yan wasa. Yaron da ya iya taka leda a ƙasar nan ba ya kallona ma, Kano yake hange. Abu ɗaya nake da shi a hannu: kwaleji ta yarda duk shekara in kawo ɗalibi ɗaya da za a ɗauke wa kuɗin makaranta, muddin zai ɗaga sunanta a wasa. Na ƙarshen da na kawo wani ɗan wasan gaba ne daga Birniwa. Zango ɗaya ya yi, ya ɓace, ya tafi da takalmin ƙwallon da ya fi kowanne lafiya a sito.

Bayan wannan ne shugaban kwalejin, Dakta Tukur, ya kira ni. Mutum ne mai magana a hankali, irin wadda ta fi tsawa ciwo.

"Malam Abdulganiyyu," ya ce, "manoman shinkafa sun zo, suna son hayar filin nan naka. Kuma gaskiya su suna da abin nunawa a ƙarshen shekara. Ga gasar kwalejoji nan tafe a Kano. Ka kawo mana lamba ko ɗaya ce, kowace iri. In ba ka kawo ba, fili ya tafi, gurbin ɗalibin kyauta ma an rufe shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da me zan kawo ta?"

Ya ce, "Ai kai ne masanin."

Na koma gida ina ta saƙe-saƙe. Ƙwallo ba mu isa ba. Gudu, yaranmu sai an kora su suke yinsa. Ina cikin cin tuwo dabara ta faɗo min, har na buga cinya. Iyo! Mu da muke zaune a tsakiyar ruwa, a ce wani ɗan birni da bai san ruwa ba sai na famfo ya fi mu ninƙaya? Na faɗa wa matata Zaituna. Ta ajiye ludayi ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Baban Adila, kai ne za ka koyar da iyo? Kai da ko kwalbatin ƙofar gida ya cika sai ka zagaya ta bayan layi?"

To, a nan ta faɗi gaskiya, ko da yake ba a tambaye ta ba. Ni ban iya iyo ba. Na karanta shi, na ci jarrabawarsa da maki mai kyau, ina da takarda. Sai dai lokacin da muka zo gwaji a makarantarmu babu ruwa a tafkin, saboda haka a kan benci muka kwanta muka yi, malami yana zagayawa yana ba da maki. Na ce mata koci ba ya shiga ruwa, baki yake amfani da shi. Ta ce in dai baki ne, to lallai mun ci gasa.

Ranar da aka buɗe su, wato kamun kifi na gayya, a wani babban ruwa kusa da Guri na hau babur na tafi farautar gwani. Jama'a maƙil, sarkin ruwa ya yi addu'a ya ba da izini, masunta suka auka gaba ɗaya. A cikinsu na hango wani saurayi yana tsaga ruwa, ƙafafunsa suna aiki kamar injin markaɗe, ya bar kowa a baya. Na matsa kusa don in gani da kyau. Na ga dai akwai wani ƙaton gora a ƙarƙashin ƙirjinsa, kamar yadda kowa yake da shi, amma ni ɗan cikin gari ne, abin da na sani shi ne a cikin gora suke zuba kifin da suka kama. Har na ce a raina, wanda yake wannan gudun da kaya a ƙirji, ina ga an sauke masa kayan?

Shi ne Nu'uman, ɗan Baba Shu'ibu masunci. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya zauna a gida shekara da shekaru yana su, don babu halin ci gaba. Da na zauna da shi a gindin wata tsamiya, ban ji yana zancen kifi ba ko kaɗan. Shi malanta yake so. Tun yana ƙarami, in ji mutanen unguwar, yake jera ƙannensa a gindin katanga yana rubuta musu baƙaƙe da gawayi, wanda ya yi surutu ya sha tsumagiya. A zuriyarsu kaf babu wanda aka taɓa kira Malam, kuma shi yana son ya zama na farko. Da na ce masa akwai karatu kyauta idan zai yi mana gasar iyo, sai da ya sa na maimaita.

Baba Shu'ibu tsoho ne mai ƙarancin magana. Yana gyaran koma na yi masa dogon bayani a kan lambar yabo da martabar jiha, bai ɗago ba. Da na gaji na yi shiru, ya ce, "Na ji. Ka tafi da shi ɗan su, ka dawo min da shi malami. Iyakar abin da na sani ke nan."

Na ce, "Baba, ka sa a ranka an gama."

Ranar da Nu'uman ya iso kwaleji ina tsaye a ƙofar ofis. Ya ci sabuwar riga da wando, jaka a kafaɗa, ga wani ƙaton gora a kansa wanda sai da ya karkata kafin ya shige ƙofar makaranta. Ɗalibai suka bi shi da kallo. Na ce, "Nu'uman, wannan fa? Ai ba kifi za mu kama ba."

Ya ce, "Na gasar ne, Malam. Wanda ya fi sauƙi na zaɓo."

Na yi dariya na ce a gasa ba a shiga da gora, daga kai sai gajeren wando. Ya sauke goran a hankali ya dube ni.

"To a kan me mutum zai kwanta?"

"A kan ruwa mana!"

"Malam," ya ce, "ai nutsewa zan yi."

Wallahi sai da na nemi kujera. A nan ya warware min. Yayansa Abdulwahid shi ne gwanin iyo na gidansu, irin masu jefar da gora su tsallaka kogi don a gani. Wata shekara ya shiga bai fito ba. Tun ranar Baba Shu'ibu ya kafa doka: ɗan gidansa ba ya sa ƙafa a ruwan da ya wuce gwiwa sai da gora. Nu'uman ya tashi a cikin ruwa, ya girma a cikin ruwa, amma bai taɓa sakin gora ba ko sau ɗaya. Ni na zaci ya iya iyo, shi ya zaci kowa a duniya da gora yake yi, kuma babu wanda ya tambayi wani.

Ga shi na riga na cika wa Dakta Tukur baki, na ce na samo kifi mai ƙafa biyu. Da na so, da na sallami yaron a ranar, na ce an samu kuskure. Amma na dubi sabuwar rigar nan da har yanzu karin guga bai baje ba, na tuna duk unguwarsu sun rako shi tasha. Na ce, "Shige ka yi rajista. Iyo kuma ni zan koya maka." Na faɗa da ƙarfi ne don in ji ko ni kaina zan yarda.

Muka fara a kan benci, tunda shi na sani. Ya kwanta rub da ciki a ofishina, ina riƙe da littafi ina cewa hannun dama, hannun hagu, juya kai, shaƙi iska. Masinjan shugaba ya leƙo sau ɗaya, ya ja ƙofa a hankali ya koma, bai taɓa tambayata ba. A aji kuwa Nu'uman ba shi da na biyu wajen naci. Kujerar gaba yake zama, rubutunsa kamar an buga da inji, kuma idan malami ya fita sai ya tashi ya goge allo, ya ɗan tsaya a gabansa da alli a hannu kafin ya koma ya zauna. Na sha ganinsa ta taga.

Damina ta sauka, kogi ya kawo, filinmu ya cika. A karon farko tun da na kama aiki na yi murna da ambaliya. Akwai wani suri a gefen filin da ruwa ba ya kaiwa, nan na mayar ofis. Ina tsaye a kai da lema da littafi da usur, Nu'uman yana ciki. Ranar farko da ya saki gora ya tafi ƙasa kamar an jefa turmi. Ya taso yana tari, ni kuma ina ihu daga kan suri, "Sassauta jikinka! Littafi ya ce ka sassauta!" Ya sha ruwan filin nan har na fara tsoron kada ya ƙarar mana da wurin atisaye. Abin da ya roƙe ni ɗaya ne, kada labari ya kai kunnen Baba.

In faɗi gaskiya, ban san ranar da ya iya ba, kuma ba na jin littafina ne ya koya masa. Ƙafafun nan da suka shekara suna tura gora suna nan, hannu ne kawai ya rage, shi kuma ya nemo abinsa. Na dai wayi gari na ga yana tafiya daga wannan raga zuwa waccan ba tsayawa, ruwa yana tsagewa. Na yi ta busa usur babu dalili. Tsawon filin ƙwallo kusan mita ɗari ne, saboda haka da takardar gasa ta zo na sa sunansa a tseren mita ɗari, ina jin kaina mai hikima.

Akwai wani abu kuma game da filinmu: matsattsaku. Idan ka tsaya cikin ruwan ko na ɗan lokaci, sai ka fito da su jere a ƙafa suna shan jininka. Don haka muka yi ƙa'ida. Da hannunka ya taɓa ƙarfen raga, ka gama, maza ka ɗare sama ka zauna. Kullum haka muke yi, har ya zame masa jiki. Taɓawa da ɗarewa kusan tare suke zuwa.

Gasa ta matso, na je wajen ma'aji neman kuɗin tafiya. Na ce muna so mu isa Kano tun ana gobe, yaro ya ga wurin, ya gwada ruwan. Ma'aji ya dube ni kamar na roƙi ƙodarsa. Ya ce babu kuɗin kwana, mu yi sammako mu je mu dawo a ranar. Ku riƙe wannan, don duk mai son ya yi min adalci daga nan zai fara. Muka yi sammakon, muka shiga motar haya, a Gujungu taya ta fashe, direba ba shi da safaya. Muna shiga wurin gasar ana kiran sunan Nu'uman a lasifika.

Ya tuɓe a guje, ya zo bakin tafkin ya tsaya cak. Ruwa ne garau, shuɗi, an shafe ƙasansa da tayil.

"Malam," ya ce da ƙaramar murya, "wannan ruwan ana ganin gindinsa."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ruwa bai taɓa ganin ƙasan ruwa ba. Na ce kada ya duba ƙasa, ya duba gaba. Ya duba gaban, ya ce, "Kuma nasu filin gajere ne." Ni kuma, da bakin nan nawa, na ce, "Ribarmu ce."

Aka busa. Jama'a, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake gani. Sauran yaran sun yi tsalle mai kyau irin na littafi, shi kuwa ya faɗa ruwan kamar buhu, amma da ya miƙe sai ya bi ta tsakiyarsu ya wuce. Kafin su kai tsakiya ya ba su tazarar da ba ta kamuwa. Ya taɓa bango, kafin ƙiftawar ido ya ɗare sama ya zauna, yana duba ƙafafunsa.

Ni kuwa na jefa hula sama. Na tsallake igiyar da aka kange 'yan kallo, na ruga ina ihu, "Haɗeja! Haɗeja!" Na rungume shi da jiƙarsa, na sake shi na faɗi na yi sujada a kan siminti. Ina ɗagowa na ji wurin ya yi wani irin shiru, sannan dariya ta fashe ta ko'ina. Na waiga. Sauran yaran sun taɓa bango sun juya, ga su can suna komawa inda suka fito.

Wani alƙalin gasa ya dafa ni ya ce, "Malam, mita ɗari ne fa. Tafkin hamsin ne. Zuwa da dawowa."

Abin da ya fi ƙona min rai, na sani. Na rantse na sani. Ni da hannuna nake sa wa ɗalibai wannan tambayar a jarrabawa duk shekara, tsawon tafkin gasa mita nawa ne, kuma ina kayar da wanda ya faɗi. Amma sanin yana cikin littafi, littafin yana cikin jaka, ni kuma idona bai taɓa ganin ana juyawa a bango ba.

Nu'uman ya dube ni, ya dubi ruwan, ya sake faɗawa. Ya bi su shi kaɗai, har ya kamo na ƙarshensu ya wuce shi kafin bango. Alƙalai suka ce wanda ya fita daga ruwa ya fita daga tsere. Muka kamo hanyar Haɗeja. Kafin mu iso, hoton bidiyona ina sujada ya riga mu, kowace waya yana ciki. Da na shiga gida Zaituna ta kawo min ruwa, kuma wannan tausayin nata ya fi min duk baƙar maganar da ta taɓa faɗa min zafi.

Na je wajen Dakta Tukur da zafina. Na ce laifin ma'aji ne da ya hana kuɗin kwana, laifin wanda ya ba mu kwari a matsayin fili ne, laifin matsattsaku ne. Na ce a kori ni a bar yaron, ai duk wanda yake wurin ya ga ya fi su. Ya saurare ni har na ƙare, sannan ya ce, "Lamba na ce ka kawo, Malam. Ina take?" Ya ce Nu'uman yana iya ci gaba da karatu idan zai biya kamar kowa. Shekarar kuwa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya yi ƙaranci, gidan Baba Shu'ibu da kyar ake ɗora tukunya. Zaituna ta ce a sayar da akuyarta. Nu'uman ya ji, ya ce ko an sayar zango ɗaya za ta kai shi, kada a raba Adila da nonon akuya a banza.

Ranar da zai tafi ya zo ofis da jakarsa. Goran yana nan a lungu inda ya ajiye shi tun ranar farko. Na ce ya ɗauka, ya ce in bar shi, yanzu ba ya buƙatarsa. Ya tsaya yana kallon allon da ke jikin bango.

"Ba komai, Malam," ya ce. "Na so dai a ce min Malam ko sau ɗaya ne, Baba ya ji da kunnensa."

Na laluba aljihu, na laluba teburi, babu abin da zan ba shi. Na cire usur daga wuyana na rataya masa. Da ya fita na kulle ƙofa na yi kuka, ni da gemuna, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Fili ya tafi. Shinkafa tana yi sosai a wurin, abin haushi, har ƙarafan ragar ma sun yi amfani, a kansu ake ɗaure tsumman korar tsuntsu. Ni kuma na koma koyar da wasanni a kan allo, sai ɗan ƙwallon tebur da muke bugawa a kan wani tsohon ƙyaure. Goran na kai shi gida, ya zauna a tsakar gida shekaru yana tare hanya. Ban je Guri ba. Da wane ido zan kalli tsohon da na ce wa ya sa a ransa an gama?

Zaituna ce ta gaji. Ta ce ko in mayar wa mai shi kayansa, ko ta fasa shi ta yi wa kaji akurki. Na ɗaure shi a bayan babur na kama hanya, duk ƙauyen da na ratsa yara suna bina da ihu.

Na tarar da Baba Shu'ibu a inda na bar shi, yana gyaran koma. Na durƙusa na fara jero ban haƙurin da na haddace a hanya. Ya katse ni, ya ce in zauna. Ya ce damina biyu da suka wuce, ruwa ya yi ƙarfi, goransa ya daki wani kututture da ke ɓoye a ƙasa ya tsage biyu, a tsakiyar kogi. Masunta da yawa suna kusa, kowa yana kan nasa goran yana ƙoƙarin juyowa, ruwa kuma yana jan tsoho. Sai ya ga ɗansa Nu'uman ya ture gora gefe ya taho a kan ruwa babu komai a ƙarƙashinsa.

"Ba wai nutsewa nake yi ba," in ji Baba Shu'ibu, yana ɗaure wani ƙulli. "Ina dai duba wani abu ne a ƙasa. Amma ya fito da ni."

Na ce, "Baba, ka yi masa faɗa da ya karya doka?"

"Na yi. Da na gama, na tara jikokina na kai masa."

Ya tashi ya ce in biyo shi. Muka gangara bakin ruwa, ni da gora a kai. Tun daga nesa na ji usur ɗina, na san muryarsa. Yara ne birjik, na masunta da na makiyaya da na manoma, waɗansu suna riƙe da gefen kwalekwale suna buga ƙafa, waɗansu sun saki. Ya kafa gungume biyu a cikin ruwa, kuma na lura duk yaron da ya taɓa na can sai ya juyo ya dawo. Wannan darasin dai ba a littafina ya samo shi ba.

Da ya gan ni ya fito da sauri ya durƙusa, muka gaisa. Na miƙa masa goransa. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce lafiyarsa ƙalau. Sannan ya dube ni yana murmushi.

"Malam, tuɓe."

Na ce wane ni, ina da sanyin ƙashi, kuma ban zo da wani wando ba. Baba Shu'ibu ya ce, "A gidana ba a shiga ruwa sai da gora, ga shi kuwa ka zo da naka." Babu hanyar gudu. Na cire babbar riga da hula, na rage daga ni sai singileti da wando, na kwanta a kan goran nan da tumbina, na ƙanƙame shi kamar za a ƙwace. Nu'uman ya tura ni cikin ruwa a hankali, hannunsa ɗaya a bayana. Yara suka daina abin da suke yi suka zagaye ni, ana ta ƙyalƙyala dariya.

"Sassauta jikinka," in ji shi. "Littafi ya ce ka sassauta."

Na ce zan ci mutuncinsa idan na fito. Ina cikin buga ƙafa, ruwa yana shiga min hanci, sai yaran suka ɗauka gaba ɗaya, "Malam! Malam!" Na ɗago kai na buɗe baki zan amsa, kamar yadda na saba amsawa duk tsawon aikina. Sai na ga babu mai kallona. Shi suke kira, ya zo ya ga wata 'yar ƙarama da ta saki kwalekwale a karon farko. A bakin gaɓa Baba Shu'ibu yana tsaye, ya karkata kai ya sa hannu a bayan kunne, don kada ko ɗaya ta wuce shi.

Na rufe bakina, na ci gaba da buga ƙafa.